Daga Ɗakin Masu Jego Zuwa Ɗakin Haihuwa: Sababbin Ungozomomi a Ƙasar Dawanau

 Wannan bayani ne a kan wata ƙofa da ke cikin asibiti, wadda ta raba ɗakin masu jego da ɗakin haihuwa, da abin da kan sami yarinya ma'aikaciyar jiyya ran da aka ce ta ƙetare ta.

Duk wanda ya bar birnin Kano ya kama hanyar Katsina, ba zai yi nisa ba sai ya iske Dawanau, cikin ƙasar Dawakin Tofa. Sunan garin ya kai nesa saboda kasuwar hatsi da aka kafa a 1985, inda manyan motoci ke lodin gero da dawa da wake da riɗi zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, har da ƙetaren teku. Amma bayan rumfunan kasuwa akwai ƙasar noma mai cike da jama'a, gona na jingine da gona, gida na hangen gida, ba saura, ba daji. Inda mutane suka yi kauri haka, da wuya dare ya wuce ba a sami mace a kan gwiwa ba.

Al'adar da aka gada

Tun kaka da kakanni, a ƙasar Hausa haihuwa yaƙin mata ce, kuma yaƙi ne da mace kan shiga ita kaɗai. In ciki ya tsufa, musamman na fari, akan mai da yarinya gidan iyayenta goyon ciki. Ran da naƙuda ta taso sai ta shige ɗaki ta durƙusa, ta cije haƙori, gama kunya ta hana ta ɗaga murya, kuma akan yaba wa wadda ta sauka ba a ji motsinta ba. Sai an ji kukan jariri sa'an nan a aika a kira ungozoma. Ita za ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta dafa ruwan wanka, ta yi ta zirga-zirga har ranar suna. Watau ungozomar gargajiya, in an duba da kyau, ma'aikaciyar jego ce, aikinta daga bayan haihuwa yake farawa. Sa'o'in naƙuda kuwa, waɗanda a cikinsu rai ya fi shiga haɗari, ba a ɗora wa kowa tsaronsu ba.

Wannan al'ada ba ta gushe ba. Ƙidayar lafiya da aka yi a Nijeriya a 2018 ta nuna cewa a Jihar Kano kimanin mace ɗaya cikin biyar ce ta haihu a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in waɗanda suka rasu haka a duniya baki ɗaya. Wannan giɓi ne ake horar da 'yan mata domin su toshe.

Bisa tsarin da aka daɗe ana bi, yarinya kan yi shekara uku tana koyon jiyya, sa'an nan ta ƙara wata goma sha takwas a kan ilmin ungozomanci. Wata kuwa takan shiga makarantar ungozoma kai tsaye ta yi shekara uku, irin makarantar da ke Dambatta. In ta ci jarrabawa, Majalisar Ma'aikatan Jiyya da Ungozomomi ta Nijeriya ta ba ta lasin, sai a tura ta wurin aiki. Sau da yawa manya ba su danƙa wa sabuwar hannu naƙuda nan take. Sukan fara ajiye ta a ɗakin awo ko ɗakin masu jego, su ga kamun ludayinta tukuna.

Ɗakin masu jego

Ɗakin masu jego ɗakin barka ne. Dangi na shiga da kwanon kunu da farfesu, ana sannu da arziki, ana Allah ya raya. A nan sabuwar ma'aikaciya kan koyi abubuwa masu yawan fa'ida. Takan dafa mara ta ji ko mahaifa ta tsuke ta yi tauri, ta duba ƙyallen jini, ta auna zafin jiki domin tsoron zazzaɓin jego, ta tambaya ko an yi fitsari. Takan sa jariri a nono da wuri, ta lallashi kaka kada a matse dakashi a zubar, gama shi ne rigakafin farko da yaro zai samu. Takan shafa wa cibiya maganin asibiti ta hana sa mata toka ko gasa ta da tsumma, ta tabbatar an yi allurar ranar haihuwa kafin a sallami uwa.

A nan kuma takan koyi yadda ake magana da tsofaffi a kan wankan jego da kunun kanwa. Tun cikin shekarun 1970 waɗansu likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana ciwon zuciya da kumburi da ke kama masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta yawansa da kanwa mai yawa da zafin gashi. Mai hankali ba za ta ce wa tsohuwa al'adarta banza ce ba. Sai ta ce, "Inna, a rage kanwar, a sassauta zafin ruwan, in ƙafa ta kumbura ko numfashi ya yi sama a dawo da ita."

To, duk wannan aiki yana da sarari. In ta ga abin da ba ta gane ba, tana da damar ta je ta tambayo, ta dawo ta iske mai jego inda ta bar ta. Ran nan sai babbar Sista ta duba takardar rabon aiki ta ce, daga Litinin kin koma ɗakin haihuwa. Yarinya ta amsa da ladabi, amma ran nan barcinta ragagge ne.

Bayan ƙofa

Dalilin fargabarta a fili yake. A ɗakin masu jego ana lissafi da kwanaki, a ɗakin haihuwa kuwa da mintoci. Can uwa da ɗa duk ana ganinsu da ido. Nan kuwa rai biyu ne a hannunta, ɗaya a ɓoye, ba ta da hanyar sanin halin da yake ciki sai ta kunne da tafin hannu. Abubuwa huɗu ne kan zama mata jarrabawa.

Na farko, tsaron lokaci. Akwai takarda mai layi-layi da ake cika wa kowace mai naƙuda, wadda wani likita mai suna Philpott ya tsara a 1972 a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fito da sabon tsarinta a 2020. Kowane rabin sa'a ungozoma za ta kafa ɗan ƙahon sauraro a ciki ta ƙirga bugun zuciyar ɗa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 110 da 160 a minti guda. Za ta ɗora hannu ta ƙirga murɗawar ciki, kuma kowace sa'a huɗu ta sa safar hannu ta auna buɗewar bakin mahaifa har ya kai santimita 10. In faya ta fashe za ta dubi launin ruwan, gama in ya fito kore, alama ce ɗa na iya kasancewa cikin wahala. Ran farko yatsun sabuwar hannu ba su bambance komai, sai babba ta auna, ita ma ta auna, a gwada, har hannu ya faɗa.

Fa'idar wannan takarda ita ce ta tona asirin doguwar naƙuda tun ba ta yi ɓarna ba. In kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugu, sai ya tsaya yana danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Wannan shi ne asalin yoyon fitsari, wanda ya raba mata da yawa da ɗakunansu. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke irin wannan ciwo a Babbar Ruga ta Katsina a 1984, ya yi wa dubban mata aiki a can da kuma cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano. Amma ungozoma guda mai duba agogo, wadda ta tura mace tiyata a kan kari, ta hutar da likita ɗinki, ta hutar da mace shekarun baƙin ciki.

Na biyu, jini. Mace na iya sauka lafiya, a yi guɗa, sa'an nan mahaifa ta saki ta ƙi tsukewa, jini ya ɓalle, cikin sa'a biyu a rasa ta. Saboda haka ƙa'ida ce cikin minti guda da fitowar ɗa a yi wa uwa allurar oksitosin mai tsuke mahaifa, a karɓi mabiyiya a hankali, a shimfiɗa ta a duba ko ta fito cif. Allurar nan kuwa sanyi take so, in zafi ya daɗe yana dukanta sai ƙarfinta ya ragu, don haka inda wutar lantarki ba ta zama akan ajiye ƙwayar misoforostol ta tsaya a madadinta.

Mas'alar da ta daɗe tana damun ma'aikata ita ce sanin yawan jinin da ya zuba. Iyakar da aka sani rabin lita ce, kwatankwacin leda ɗaya ta ruwan sha da yara ke talla. Amma ido maƙaryaci ne, zane da katifa sukan shanye jini a ɗauka kaɗan ne. A kasuwar Dawanau ba mai sayen hatsi da ƙiyasin ido, sai an kawo tiya ko an ɗora a sikeli, kuma jinin mace ya fi hatsi cancantar ma'auni. An gwada wannan a wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta shugabanci sashen Nijeriya. Aka shimfiɗa wa kowace mai haihuwa leda mai aljihu da ma'auni. Da jini ya kai layi, sai a haɗa magunguna gaba ɗaya ba tare da jiran a ga aikin ɗaya ba: a murza mahaifa, a yi allurar tsuke ta, a ba da maganin tsai da jini, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa, a kira na gaba. Sakamakon da aka bayyana a 2023 ya nuna an gane zubar jini ga mata 93 cikin 100 inda ake aiki da ledar, alhali inda ake ƙiyasi da ido 51 kaɗai aka gane, kuma mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100. A nan ne zaman ɗakin masu jego kan yi wa yarinya rana, domin hannunta ya riga ya san bambancin mahaifar da ta tsuke da wadda ta saki.

Na uku, jijjiga. Mai ciki kan zo da ciwon kai mai tsanani, ido na ganin dishi-dishi, fuska da hannu a kumbure, kan a jima sai ta sanƙare tana taune harshe. A ƙauye akan ce iska ce, a tafi neman hayaƙi da rubutu, alhali kuwa hawan jini ne na ciki. In ma'auni ya nuna 140 bisa 90 an shiga gargaɗi, in ya kai 160 bisa 110 an shiga haɗari. Maganinta allurar maganiziyam ce, kuma ƙasar Kano na da shaida a kanta. A 2008 aka shigar da ita asibitocin gwamnati goma na jihar, aka horar da likitoci da ungozomomi. Kafin nan kimanin mace 21 cikin 100 masu wannan ciwo ke mutuwa a asibitocin, bayan nan suka koma wajen 2 cikin 100. Sabuwar ungozoma za ta koyi kwantar da mai jijjiga a gefe ɗaya, ta yi allurar farko, ta riƙa ƙirga numfashi, tana buga gwiwa ta ga ko tana harbawa, tana auna fitsari, gama maganin in ya yi yawa shi ma yana da nasa sharri.

Na huɗu, jaririn da ya fito bai yi kuka ba. A da akan yayyafa masa ruwan sanyi, ko a buga kwano a kunnensa, ko a rufe shi da zane a ce ya koma. Yanzu an san cewa da yawa cikin irin waɗannan da ransu, numfashi ne bai kama ba. Minti guda ungozoma ke da shi. Ta goge shi da busasshen zane, ta shafa bayansa, in bai motsa ba ta ɗora masa 'yar jakar hura iska a hanci da baki, ta matsa tana duban ƙirji yana tashi. Wadda ta taɓa ganin jariri ya canza launi ya tsala kuka a hannunta, tsoron ɗakin nan kan ragu a zuciyarta ƙwarai.

Sanin iyaka da kyawun harshe

Bayan waɗannan huɗu akwai na biyar wanda ya ɗaure su duka, shi ne ta san abin da ya fi ƙarfinta. Ƙaramin asibitin ƙauye ba shi da ɗakin tiyata, ba shi da ma'ajiyar jini. Ɗa ya kwanta a gicciye, ko hannu ya riga kai, ko cibiya ta sauko, ko jini ya zo tun kafin haihuwa, duk waɗannan na babban asibiti ne. Mutanen Dawanau sun yi sa'a, birni na kusa, ga asibitin Murtala, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988. Amma kusancin hanya ba ya amfani in an makara wajen tashi. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya buga sakamakon a 1985, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne yawancin matan da suka rasu ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Tura mace gaba da wuri ba gazawa ba ce ga ungozoma, cikar ilminta ke nan.

Sai kuma harshe. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa cikin dalilan da ke hana mata zuwa asibiti har da tsoron tsawa da gori, da buɗe musu jiki a gaban baƙi. Mace guda da aka wulakanta takan hana goma zuwa, gama labarin ɗakin haihuwa a gidan suna ake ba da shi. Yarinyar da ta fito daga ɗakin masu jego ta zo da guzuri mai kyau, domin can ta saba da gaisuwa da lallashi. Abin tsoro shi ne kada gajiya da yawan aiki su ƙwace mata shi. Ta ja labule, ta nemi izini kafin ta taɓa, ta kira babba Yaya ko Hajiya, ta bar uwa ko 'yar'uwa ta zauna kusa. 'Yar fari mai kunya kuwa sai an lura da fuskarta, don ba za ta faɗi abin da take ji ba ko da ya kai mata iya wuya.

Kada a bar ta ita kaɗai

Babban haɗarin wannan ƙaura shi ne a yi ta ba da mai riƙon hannu ba. Ungozomomi sun yi kaɗan, ƙwararru kuma birni da ƙasashen waje na janye su. Sai ya zama yarinyar da ba ta daɗe da barin makaranta ba ita ce ke kwana ita kaɗai a asibitin ƙauye, da tocila, da mata biyu a kan gwiwa. In aka yi rashi a hannunta a irin wannan dare, wata ba ta sake yarda ta shiga ɗakin har abada, an yi hasarar uwa, an yi hasarar ma'aikaciya.

Hukuma ta gwada dabaru. Gwamnatin Kano ta fara shirin haihuwa kyauta a asibitocinta a 2001. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin tura ungozomomi karkara, ta haɗa sababbi da waɗanda suka yi ritaya, huɗu a kowane ƙaramin asibiti, domin a yi karɓa-karɓa dare da rana, tsohuwar hannu na koya wa sabuwa. Shirin ya yi amfani, amma rashin masauki da jinkirin biyan haƙƙi suka sa da yawa suka koma birni. Daga 2012 zuwa 2020 kuma an yi wani shiri da taimakon Gwamnatin Ingila a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, inda ƙauye kan zaɓi 'yarsa, a ba ta shekarar share fage, ta shiga makarantar jiyya ko ta ungozoma, bisa alkawarin za ta dawo ta yi wa mutanenta aiki. Hikimar a bayyane take, 'yar gari ba ta neman masauki, ta san harshen tsofaffi, kuma mazaje sun fi sakin jiki su bar iyalinsu a hannunta.

Abin da ya rage ga shugabannin asibiti shi ne su tsare tsari. Sabuwar hannu ta fara da kallo, sa'an nan ta karɓi haihuwa babba na tsaye a bayanta, sa'an nan a bar ta babba na ɗaki na kusa, kuma kada a sa ta aikin dare ita kaɗai sai an tabbata ta iya tsai da jini da tashin jariri. In aka yi rashi a zauna a bi abin da ya faru daki-daki domin gyara, kada a mai da zaman wurin neman wanda za a ɗora wa laifi.

Rabon jama'a

Ungozoma ba ta iya ceton wadda ba a kawo mata ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maigida ya bar iyalinsa ta je awo, ya ba da izini tun ciki na ƙarami cewa ko ba ya nan a kai ta asibiti, gama fatauci da cin rani sun sa mazaje da yawa ba su kwana gida. Ya ware kuɗin mota tun da kaka, ya san direba ko mai a-daidaita-sahun da zai buga wa cikin dare, ya san ɗan'uwan da zai ba da jini. Ungozomar gargajiya ma tana da babban matsayi, ita ce ta fi kowa sanin gidan da ke da ciki, in ta rako mace da kanta ta sami lada biyu. Liman da mai unguwa su faɗa a masallaci da dandali cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Iyaye kuma su bar 'ya'yansu mata su yi karatu, domin wanda ba ya son namiji ya karɓi haihuwar matarsa, lalle ne ya yarda 'yar wani ta koyi aikin, kuma wata rana a ce tasa.

Yarinyar da aka ce ta koma ɗakin haihuwa ran Litinin, in ta sami mai riƙe hannunta, kafin shekara ta kewayo za a ga ta dafa ciki ta faɗi yadda ɗa ya kwanta. In ta gama karɓar haihuwa, ta tsare uwa sa'a biyu tana duba jini, ita da kanta za ta rako ta ta ƙofar nan zuwa ɗakin masu jego, ta danƙa ta ga wata sabuwar da ta gaje ta, ta koma ciki wurin ta gaba.

Allah ya raba masu ciki da cikinsu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa, ya ƙarfafi hannun masu karɓa.